Włocławek, garin masana'antu a bakin kogin Vistula

Włocławek gari ne a tsakiyar ƙasar Poland, yana bakin kogin Vistula daidai inda ƙaramin kogin Zgłowiączka ke zubowa ciki, mutanensa sun kai wajen dubu 100. Tsohon gari ne sosai, tun ƙarni na 12 yake da bishop, a 1255 ya samu matsayin birni, kuma arzikinsa kusan duk daga ruwan nan ya fito don a da jiragen ruwa ne ke lodin hatsi su gangara da shi Gdańsk, tashar jiragen ruwa a bakin teku, har yau tsofaffin rumbunan na nan kusa da gaɓa, wasu an maida su gidan tarihi.

Masana'antu sun shigo ne a ƙarni na 19 lokacin yankin na hannun Rasha. Layin dogo ya iso a 1862, kamfanin tangaran a 1873, na takarda a 1899. Na takardan ya durƙushe bayan faɗuwar kwaminisanci amma tangaran ɗin har gobe ana yi, faranti da kofi da buta farare tas, a zana musu furanni shuɗaye da hannu ɗaya bayan ɗaya, gaskiya aikin ya cancanci a je a gani. Babban kamfani yanzu shi ne Anwil mai yin takin zamani da roba, sunansa ma ƙungiyar ƙwallon kwandon garin take amsawa, ta ci gasar lig ta ƙasa a 2003 da 2018 da 2019.

A 1970 aka gama dam ɗin garin mai ba da wuta megawat 160, da niyyar a jera wasu a ƙasansa amma shi kaɗai aka gina, shi ya sa ruwa ke ta cinye ƙasan kogin a gindinsa. Wurin na da tarihi mai ɗaci, nan aka tsamo gawar wani limamin cocin Katolika, Fada Jerzy Popiełuszko, ran 30 ga Oktoba 1984 bayan jami'an tsaron gwamnati sun kashe shi saboda goyon bayan ƙungiyar ƙwadago ta Solidarność. An kafa dogon gicciye a wurin, Fafaroma John Paul II ma ya zo garin a 1991.

Babban cocin jan bulo da aka fara ginawa a 1340 yana cikin tsohon gari, ƴan mintuna ne a ƙafa daga bakin ruwa.