A-kori-kura mai shan gas tana rasa ƙarfi wajen jan kaya: tambayoyi da amsoshi

Da kaka ta yi, masu a-kori-kura a ƙauyukan Kano da Jigawa ba sa hutawa. Wani yana jan injin casa daga gona zuwa gona a Kura, wani ya ɗaura ƙaramar tirela cike da riɗi zuwa Maigatari ko Dawanau. A lokacin ne ake yawan jin kukan cewa mota ta daina ja.

In babu kaya motata tana gudu lafiya lau, amma da na ɗaura tirela sai ta yi sanyi. Me ya sa?

Mota mara kaya kaɗan take nema daga ƙarfin injinta. Filtar da ta fara toshewa za ta bar man da ya ishi wannan tafiyar ya wuce, amma da ka danne totur da nauyi a baya sai man ya kasa. Matsalar tana nan tun da, jan kayan ne ya tona ta. Kafin ka zargi inji ma, duba nauyin da ka lafta da iskar tayoyi, sannan bayan 'yar tafiya ka kai hannu kusa da ƙafafun tirelar. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta ko boris ɗinta ya kama.

To daga ina zan fara?

Daga filtar mai. A karkara gas na jarka ake yawan sha, kuma ba ya rasa ruwa da datti. A ƙasan filtar akwai ɗan famfon tsiyaye ruwa: kwance shi, ka tara abin da ya fito a kwalba mai haske, in da ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa. Ka sauya filtar, kuma ka sayi mai kyau, don jabu ta yi yawa a kasuwa. Sai filtar iska, wadda ƙurar hunturu da ƙaiƙayin casa ke cikawa da wuri. Ta takarda ce, ba a wanke ta da ruwa. Waɗannan biyun su ne mafi araha, kuma sau da yawa a nan maganar take ƙarewa.

Me launin hayaƙi yake nunawa?

Baƙi ƙirin yana nufin mai ya fi iska yawa, wato iska ba ta isa ko nozul, mai fesa gas cikin silinda, yana zuba fiye da kima. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari bayan inji ya ɗumama, ko gas ne bai ƙone ba, ko ruwa yana shiga silinda. In kuwa ƙarfi ya tafi babu hayaƙi ko kaɗan, galibi man ne ba ya isowa.

An ce mini turbo ne.

Turbo shi ne abin da ke ƙara tura iska cikin inji; fara tabbatarwa motarka tana da shi. Hilux mai injin 5L ba ta da turbo, masu 2KD, 1KD da 1GD kuwa suna da shi. Ko akwai shi, kar ka yi saurin saye. Robobin da ke kai iska daga turbo zuwa inji suna tsagewa, kuma tsagar ba ta buɗewa sai an matsa wa mota, shi ya sa a gareji ba a ganin komai. Saurari ƙarar fitar iska lokacin da kake ja, ka nemi danshin baƙin mai a jikin robar ko inda aka ɗaure ta.

Ina cikin tafiya ƙarfi ya yanke, fitila ta kama a gabana, da na kashe na kunna ya dawo.

Kwamfutar motar ce ta rage ƙarfin da gangan don kare inji. Kar ka bari a goge bayanin kafin a karanta shi da na'ura. Lamba P0087 tana nufin matsin mai ya yi ƙasa, P0299 kuma iskar turbo ce ba ta kai ba. Ka sa ido a kan allurar zafi ma, musamman a Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Lagireton da ƙaiƙayi ya toshe wa fuska ba zai iya da jan kaya ba. Kada ka buɗe murfinsa da zafi.

Inji yana ta ihu amma mota ba ta ƙara gudu.

Wannan kuloci ne yake sulɓewa, kuma za ka ji ƙauri. Injinka lafiyarsa ƙalau.

Bakanike ya ce sai an sauke famfon tura gas da nozul. In yarda?

Ba yanzu ba. Abin yana ba ni takaici in ga manomi ya sayar da buhunan shinkafa ya biya aikin famfo, alhali filta ce ta toshe. Ce wa bakaniken: "Maigida, an sauya filta? Me na'ura ta nuna? An auna man da kowane nozul yake mayarwa?" A kan famfon injinan 1KD da 2KD akwai ɗan bawul mai daidaita shigar mai, yana maƙalewa ya kawo irin wannan ciwon, kuma ana sauya shi shi kaɗai ba tare da an sauke famfon ba. Kuma kada kowa ya sassauta bututun nozul a waɗannan injinan alhali suna aiki, domin matsin man ya ninka na iskar taya sau ɗaruruwa, yana iya huda fata.