Waiwaye: Lata Mangeshkar, muryar da ta ƙi zama a bayan labule

Duk wanda ya taɓa kallon tsohon fim ɗin Indiya, ya ga jaruma na rera waƙar soyayya a cikin furanni, to akwai yiwuwar ba muryarta ya ji ba. Ita baki kawai take motsawa. Mai muryar na can ɗakin naɗar sauti, cikin farin sari, kuma sau da yawa, tsawon shekara kusan 70, mace ɗaya ce: Lata Mangeshkar.

An haife ta ranar 28 ga Satumba, 1929 a garin Indore. Mahaifinta, Deenanath Mangeshkar, mawaƙi ne kuma ɗan wasan daɓe, a gabansa ta fara koyon waƙa. Ya rasu a 1942 tana 'yar shekara 12, kuma ita ce babba cikin 'ya'ya biyar, sai nauyin gida ya dawo wuyanta. Ta riƙa fitowa a ƙananan matsayi a finafinan harshen Marathi don a samu na abinci, duk da cewa wasan bai kwanta mata ba. A 1945 iyalin suka koma Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai.

Can ma ba shimfiɗa aka yi mata ba. A lokacin murya mai kauri ake yayi, irin ta Noor Jehan da Shamshad Begum. Da mai tsara kiɗa Ghulam Haider ya kai ta wurin furodusa Sashadhar Mukherjee, sai furodusan ya ce muryar ta yi siriri da yawa. Jarumi Dilip Kumar kuma ya yi mata shaguɓe kan yadda take furta Urdu, harshen da yawancin baitocin soyayya na lokacin ke ɗauke da kalmominsa. Maimakon ta tsaya jin haushi, malami ta nema ya zaunar da ita.

A 1949 aka yi abin da ya fi nuna yadda masana'antar ta ɗauki mawaƙa. Waƙarta "Aayega Aanewala" ta fim ɗin Mahal ta karaɗe ƙasar, amma a jikin faifan ba sunanta aka rubuta ba. Kamini aka sa, wato sunan da jaruma Madhubala ta fito da shi a fim ɗin. Masu sauraro ne suka dami gidan rediyo da tambayar wace ce mai muryar nan, har aka bayyana ta. A ganina daga nan ne labarinta na gaskiya ya fara, domin bayan waƙa, babu abin da ta fi kashe ƙarfinta a kai kamar neman a san da zaman mawaƙi, a kuma biya shi haƙƙinsa.

Ta ƙi hawa dandalin bikin ba da kyaututtukan finafinai na Filmfare saboda ba a ware wa mawaƙan bayan fage kyauta ba. Da aka ƙirƙiro kyautar a 1959, ita ta fara karɓa, da waƙarta ta fim ɗin Madhumati. A shekarun 1960 kuma ta dage sai an riƙa ba mawaƙi kaso daga cinikin faifai. Mohammed Rafi, abokin waƙarta da suka yi tagwayen waƙoƙin soyayya barkatai, yana ganin in an biya ka ladan aikinka magana ta ƙare. Saɓanin ya yi tsami har suka yi 'yan shekaru ba sa waƙa tare. Ko da mai tsara kiɗa S.D. Burman ta taɓa raba gari na kusan shekara biyar. Ba mace ce mai sauƙin tanƙwarawa ba, kuma an daɗe ana zarginta da cewa ita da ƙanwarta Asha Bhosle sun tare hanya, sababbin muryoyi sun rasa wurin shiga. Ita dai ta sha musanta hakan, daga baya ma ta janye daga takarar Filmfare don a dama da masu tasowa.

Ranar 27 ga Janairu, 1963, jim kaɗan bayan yaƙin Indiya da Sin, ta rera waƙar juyayin sojojin da suka mutu a gaban Firayim Minista Jawaharlal Nehru a birnin Delhi, aka ce sai da ya zubar da hawaye. A 1974 ta yi wasa a zauren Royal Albert Hall na Landan. Lambar yabo ta Dadasaheb Phalke, mafi girma a harkar fim ɗin Indiya, ta zo a 1989, kujerar majalisar dattawa ta Rajya Sabha a 1999, sai Bharat Ratna, lambar girmamawa mafi girma a ƙasar, a 2001.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muryar ta ƙi tsufa a kunnen masu shirya fim. Ta yi wa Madhubala da Nargis waƙa, ta yi wa Hema Malini, sannan a 1995, tana da shekara sama da 65, ita ce muryar Kajol, wadda ta yi jika da ita, tana rera begen saurayi. Ita kanta ba ta taɓa aure ba.

Ta rasu ranar 6 ga Fabrairu, 2022 a Mumbai tana da shekara 92, bayan ta yi jinyar cutar korona. Gwamnati ta ayyana zaman makoki na kwana biyu, aka sassauto da tuta a faɗin ƙasar.