Ba kowane mai saukar ungulu ne jirgin yaƙi ba

Duk lokacin da gwamnati ta karɓi sabon jirgin soja, kalma guda ce ke cika gidajen rediyo da shafukan Facebook: jirgin yaƙi. An sayo jiragen yaƙi, jiragen yaƙi sun iso, za a turo su dajin Rugu. Mu nan Katsina har mun ƙara da namu, tun 2021 duk abin da ya yi ƙara a sama Tukano ne. Kwanaki a teburin mai shayi a Ƙofar Ƙaura, shalkwafta ta wuce ƙasa-ƙasa ta nufi filin jirgi, wani matashi ya ɗaga kai ya ce wa dattijon da ke gefensa, "Baba, yau ɓarayin daji sun shiga uku, ga Tukano nan." Dattijo ya ce, "Allah ya sa, yaro." Alhali Super Tucano ba ya saukar ungulu ko kusa. Mai fukafukai ne, da farfela ɗaya a hanci, ƙirar kamfanin Embraer na Brazil, sai ya sheƙa a titin jirgi kafin ya tashi. Guda 12 Najeriya ta saya, 6 na farko suka iso a Yulin 2021.

Yaron ba shi da laifi, abin da ya ji ya maimaita. Mai ba ni haushi shi ne mai riƙe da makirfo, da ɗan siyasar da zai hau dandamali ya ce "mun sayo jiragen yaƙi" bai faɗi wane iri ba. Jirgin soja daban, jirgin yaƙi daban. Na soja shi ne duk wanda soja suka mallaka, har wanda aikinsa kwasar abinci da majinyata. Na yaƙi kuwa shi ne wanda aka ƙera don ruwan wuta. Wasu ƙasashe ba su ɓoye wannan ba, a jikin sunan suke rubutawa.

Amurka ce ta fi sauƙaƙa abin. Tun 1962 rundunoninta suka haɗu a kan tsarin suna guda. Harafin H na nufin mai saukar ungulu, harafin da ya zo kafinsa kuma shi ke faɗin aikinsa: A na kai hari, C na dakon kaya da dakaru, U na aikace-aikacen yau da gobe, wato ɗan aike. Lambar da ke biye ita ce ƙirar, harafin ƙarshe kuma gyaran da aka yi mata. Saboda haka AH-64 maharbi ne, CH-47 mai farfela biyu ɗan dako ne da ke kwasar soja sama da 30 a sawu guda, UH-60 kuma ɗan aike.

A Yunin 2024 rundunar sojan ƙasa ta Najeriya ta karɓi jirage biyu samfurin Bell UH-1H. Mai karatu ya riga ya ga harafin U. Wannan jirgi tsoho ne tukuf, a 1956 kakansa ya fara tashi, an kuma ƙera irinsa sama da 16,000. Da farko HU-1 aka rubuta masa. Sojojin Amurka suka riƙa karanta lambar 1 kamar harafin I, suka laƙaba masa "Huey". Da aka juya haruffan zuwa UH-1 a 1962 laƙabin ya ƙi sakinsa, har ya danne sunan yankansa, Iroquois, wanda kusan a takarda kawai ake ganinsa. A yaƙin Biyetnam ya yi suna, kuma babban aikin da ya yi suna da shi shi ne sauke soja goma da 'yan kai a tsakiyar daji, da kwaso waɗanda aka harba kafin jini ya ƙare. Ana iya kafa masa bindiga a bakin ƙofa, an sha yi. Ai akori-kura ma ana ɗora mata bindiga a baya, wannan bai mai da ita tankar yaƙi ba.

Shi kansa Iroquois ɗin sunan ƙabila ne. Al'adar sojan ƙasa na Amurka ce su raɗa wa jiragensu masu saukar ungulu sunayen ƙabilun asalin ƙasar da shugabanninsu: Apache, Chinook, Kiowa, Lakota. Black Hawk, wanda aka sa wa UH-60 sunansa, jagora ne na ƙabilar Sauk da ya yaƙi Amurka a 1832. Sun ce girmamawa ce. Ni dai ka ƙwace wa mutum ƙasa sannan ka sa wa makaminka sunansa, ban san me za a kira wannan ba. Mu a nan ayyukan soja muke raɗa wa suna da harshenmu, Sharan Daji, Diran Mikiya, Hadarin Daji, jiragen kuwa da sunan da aka sayar mana da su muke barin su.

Sai dai kada wanda ya haddace haruffan Amurka ya ɗauka ya gama. Harafin A da ke kan A109 sunan kamfanin Agusta ne na Italiya, bai da alaƙa da hari. Rasha kuma, wadda jiragenta suka daɗe suna shawagi a kanmu, sunan mai zane take sa wa: Mi daga Mikhail Mil, Ka daga Kamov. Lambar ba ta gaya maka komai sai ka sani. Ƙari kan haka, jirgi guda suna biyu gare shi, na gida da na kasuwa. Wanda suke kira Mi-8MT a gida shi suke sayarwa waje da sunan Mi-17, wanda masana'antar garin Ulan-Ude ta ƙera kuma Mi-171. Haka Mi-35 ɗan gidan Mi-24 ne da aka shirya don fitarwa waje. Mai labarai sai ya jero Mi-8 da Mi-17 da Mi-171 kamar iri uku, alhali 'yan ɗaki ɗaya ne.

Daga ƙasa ma ana rarrabewa idan ya sauko. Mi-17 mai tumbi ne, da tagogi zagayayyu jere a gefe, da ƙofa a baya inda ake loda kaya, yana ɗaukar soja 24 ko kayan tan 4. Mi-35 siriri ne daga gaba, da ƙundun gilashi biyu, maharbi a gaba matuƙi a bayansa, da gajerun fukafukai inda ake rataye rokoki. Shi ma yana da ɗan ɗaki na mutum 8, amma ba don haka aka saye shi ba.

Abin da ya sa na nace shi ne, wannan kalma ta "jirgin yaƙi" ta sa mun raina ɗan dako. Kowa mai harbi yake so a sayo. Amma wanda ya san Batsari da Safana da Ɗanmusa da Faskari ya san yadda harin yake: babura su fito daga daji da dare, kafin motocin soja su ratso hanya mai ramuka, da damina ga rafi ya kawo, ga infoma ya riga ya buga waya, ga kwanton ɓauna, an kora shanu da mutane an shige. Mai harbi daga sama ba ya kama kowa, ba ya kwance wanda aka ɗaure, kuma daga can nesa ɗan sa-kai da ɗan bindiga duk mai babur da bindiga ne. Abin da jirgi marar matuƙi ya yi wa masu Maulidi a Tudun Biri ta jihar Kaduna a Disambar 2023 bai bar zukata ba. Wanda zai sauke soja 24 a bakin daji cikin mintoci, ya kuma kwaso wanda aka harba zuwa asibiti a Katsina, shi ne ɗan dakon da ba a yi masa kirari.

Ita ma "an sayo" ana yi mata irin wannan riƙon sakainar kashi. A Afrilun 2022 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta amince a sayar wa Najeriya AH-1Z guda 12 a kan dala miliyan 997. Amincewa ce kawai, bayanta sai kwangila, sai ƙira, sai horar da matuƙa, abin da ke cin shekaru, amma a ranar wasu suka fara duban sama. Wasu kuma suka raba kuɗin gida 12 suka ce ga farashin kowane jirgi, an yi sata. Sata na iya faruwa, ban rantse wa kowa ba, amma lissafin bai yi ba: a cikin kuɗin akwai injina 28, wato 24 a jiki 4 na ajiya, da na'urorin saita roka 2,000, da horo, da kayan gyara. Kayan gyaran nan su ne ke kwantar da jirgi a rumfa, kuma tun da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022 aka ƙaƙaba wa Rasha takunkumi, ƙasashen da ke amfani da samfurin Mi suke shan wahalar samunsu.