Waiwaye: Yadda Vegas ta mayar da ragowar 'yan wasa gwaraza

Shekara da shekaru, sabuwar ƙungiya a gasar hoki ta ƙanƙara ta NHL, wadda ake bugawa a Amurka da Kanada, tarkace ake ba ta. Tsofaffin ƙungiyoyi su killace duk wani ɗan wasan kirki, su ce wa baƙuwa ta tsinci abin da ya rage. Washington Capitals ta shigo a 1974, wasa 8 kacal ta ci cikin 80. Ottawa a 1992 ta ci 10 cikin 84.

Kuɗi ne suka sauya lissafin. A 2000, dala miliyan 80 Columbus da Minnesota kowacce ta biya kuɗin shiga gasar. Attajiri Bill Foley kuwa miliyan 500 ya ajiye domin sabuwar ƙungiyarsa, Vegas Golden Knights, kuma wanda ya biya haka ba a sallamarsa da ƙanzo. Sai aka tsuke dokar a 2017: kowace ƙungiya ta kare 'yan gaba bakwai, 'yan baya uku da gola ɗaya, ko kuma 'yan wasa takwas da gola. Vegas ta ɗauki mutum ɗaya daga kowacce cikin ƙungiyoyi 30.

A ganina, ribar George McPhee, manajan Vegas na lokacin, daga tsoron abokan hamayya ta fito. Suka riƙa ba shi toshiyar baki don ya kauce wa waɗanda suke ji da su. Columbus ta haɗa masa da damarta ta zagayen farko a zaɓen matasan 'yan wasa da ƙungiyoyin ke yi duk shekara, don ya ɗauki William Karlsson, mai ƙwallo 6 a kakar baya. Karlsson ya zura 43. Florida ta saki Jonathan Marchessault, ta ƙara da Reilly Smith don ta huta da albashinsa. Kakar farko, sai ga Vegas a wasan ƙarshe na Kofin Stanley na 2018, wato kofin zakarun NHL. Wa ya doke ta? Washington ɗin nan dai, inda McPhee ya daɗe yana manaja.

Da Seattle Kraken ta zo a 2021 da miliyan 650, dokar ba ta canja ba, amma manajoji sun koyi darasi, sun ƙi ciniki. Seattle ta ƙare kusa da ƙasan teburi, sai a kaka ta biyu ta fitar da Colorado mai riƙe da kofi. A shekarar, 2023, Vegas ta ɗauki kofin a kan Florida, Marchessault ne gwarzon gasar.