Yawon keke a karkarar Limburg ta Beljiyam: tambayoyi da amsoshi

Limburg lardi ne a arewa maso gabashin Beljiyam, yana iyaka da Holan, babban birninsa Hasselt. Ba shi da teku, ba shi da manyan duwatsu, amma masu yawo a keke sun san shi sarai, saboda hanyoyin kekensa da suka kai kimanin kilomita 2,000, suna ratsa gonaki da dazuzzuka da ƙananan ƙauyuka.

Ai ƙasashen Turai da yawa suna da hanyar keke. Me ya bambanta ta Limburg?

Yadda aka tsara ta. A da, idan hukuma za ta yi wa masu keke hanya, sai ta zaɓi zagaye guda, ta sa masa suna, ta kafa alamu daga farko har ƙarshe. Ko ka bi shi yadda aka shata, ko ka ɓata. Wani injiniyan haƙar ma'adinai mai suna Hugo Bollen ne ya zo da wata dabara: a bar sa wa hanya suna, a sa wa kowace mararraba lamba. An fara aiki da tsarin a Limburg a 1995. Daga nan ya bazu zuwa sauran yankin Flanders, wato arewacin Beljiyam, ya mamaye Holan, ya shiga wasu sassan Jamus.

To yaya mutum yake bin lambobin?

Kafin ka fita, sai ka buɗe taswira ka zaɓi mararrabar da za ka tashi da wadda za ka sauka, ka rubuta lambobin da ke tsakaninsu a jere a 'yar takarda, ka manna a kan keke. Shi ke nan. A kan hanya akwai shuɗayen alluna, kowane da lamba da kibiya. Idan ka iso mararraba, allo zai gaya maka lambarta, ya nuna maka ta ina za ka bi zuwa lambobin da ke maƙwabtaka da ita. Taswirar tana nuna nisan da ke tsakanin kowace lamba da ta gaba, don haka tun daga masauki ka san ko kilomita 30 za ka yi ko 90.

Daɗin abin shi ne canza shawara ba ta da wuya. Hadari ya taso, ko ƙafa ta gaji, sai ka tsallake lambobi uku ka yanke zuwa gida. Akwai manhajojin waya da suke tsara tafiyar, amma takarda ba ta cin caji, kuma wanda idonsa ke kan waya ba ya ganin gonar da ya zo gani.

Abu ɗaya ke ruɗa baƙo: lambobin ba a jere suke a ƙasa ba. Kada ka ɗauka daga 91 dole 92 ce a gaba.

Dajin da hanyoyin suke ratsawa, na asali ne?

Mafi yawansa dasa shi aka yi, kuma labarinsa haɗe yake da na kwal. Arewacin lardin, wanda ake kira Kempen, ƙasa ce mai yashi, ba ta da albarkar noma sosai, a da fili ne na gajerun ciyayi da ake kiwon tumaki. A 1901 André Dumont ya gano kwal a ƙarƙashin garin As. Aka buɗe mahaƙa bakwai: Beringen, Zolder, Houthalen, Eisden, da uku a Genk, wato Winterslag da Waterschei da Zwartberg. Ramin haƙa yana buƙatar katako na tokare rufi don kada ya rufta, shi ya sa aka yawaita dashen dogayen itatuwan nan masu ganye kamar allura. Masu haƙar kwal sun fi son katakonsu domin yakan yi ƙara kafin ya karye, mutum ya samu damar tsira da ransa.

Mahaƙa ta ƙarshe, ta Zolder, an rufe ta a 1992. Dubban mutane suka rasa aiki, lardin ya shiga neman abin da zai dogara da shi. Ka lura shekara 3 ce kawai tsakanin rufe Zolder da kafa allunan lambobi. Itatuwan da aka dasa domin rami su ne yau suke yi wa mai keke inuwa, tsibin ƙasa da duwatsun da aka fitar daga ƙarƙashi kuma sun zama tuddai masu ciyawa, kusan su kaɗai ne tudun kirki a wannan sashe. A 2006 aka buɗe gandun Hoge Kempen, gandun daji na ƙasa na farko a Beljiyam. Tsoffin gine-ginen mahaƙa ma ba a rushe su duka ba: na Winterslag ya zama cibiyar al'adu mai suna C-mine, na Beringen kuma be-MINE, duka ana isa gare su a keke.

Ko'ina shimfiɗe ne, ko akwai hawa?

Arewa shimfiɗe take, yaro da tsoho duk za su iya. A gabas akwai kogin Maas, wanda ya raba Beljiyam da Holan, a wasu wurare ƙananan jiragen fito suna haye da mutum da kekensa. Kudu, yankin Haspengouw wajen Sint-Truiden da Borgloon da Tongeren, ƙasa ce mai kyau ta lambunan tuffa da danginta, kuma a nan hanya tana hawa tana sauka a hankali. Ba hawan da zai sauke ka daga keke ba ne, sai dai idan ya taru yini guda cinya za ta ba da labari. Mai neman hawa na gaske sai ya nufi Voeren, can kudu maso gabas.

Da gaske akwai inda ake tuƙa keke a cikin ruwa da kan itatuwa?

Akwai. A Bokrijk, kusa da Genk, a mararraba ta 91, an gina hanya a 2016 da ta tsaga tafki gida biyu. Tsawonta ya ɗan haura mita 200, faɗinta mita 3, tana gangarawa har ruwa ya zo daidai idonka hagu da dama, agwagwa na iyo kusa da kafaɗarka. A 2019 aka buɗe ta biyu a dajin Bosland da ke Hechtel-Eksel, mararraba ta 272: gada ce mai zagaye, tsawon mita 700, tana hawa sannu a hankali har mita 10 a tsakanin rassan itatuwa, sannan ta sauko. Ta uku, a 2021, tana cikin Hoge Kempen, tana ratsa filin ciyayi, da doguwar gadar katako.

Suna da kyau, babu musu. Amma a ganina wanda ya je domin su kaɗai ya yi asarar kuɗin jirgi. Ta cikin ruwan minti ɗaya ce a keke, kuma ranar Lahadin da rana ta fito cike take da masu ɗaukar hoto, sai ka yi ta danna birki. Abin da ya sa Limburg ta yi suna shi ne sauran dogayen kilomitocin da ba wanda ke ɗaukarsu hoto: kwalta lafiyayya, allo a inda ya kamata, mota jefi-jefi. Idan za ka ga waɗancan ukun, ka je da sassafe a ranar aiki.

Keken tsere mai siririyar taya zai iya bin hanyoyin?

Galibinsu kwalta ne ko kankare, don haka zai iya. Akwai 'yan wuraren da ba a shimfiɗa komai ba a cikin daji, a kan duba taswira a kauce musu. Mai son gudu ya fi sakewa a gefen manyan magudanan jiragen ruwa, irin ta Albert, inda hanya take miƙe ba kwana. A Haspengouw hanyoyin gona ne na kankare da ake rabawa da tarakta, lokacin girbi kuwa tayoyinta kan bar laka mai santsi. Lardin ba baƙon tsere ba ne: a Zolder aka yi gasar duniya ta tseren keke kan titi a 2002, Mario Cipollini na Italiya ya lashe.

Sai dai hanyar lambobi ba filin tsere ba ce. Iyalai da ƙananan yara da dattawa masu keken batir duk a kanta suke.

Wace doka ce baƙo zai kiyaye?

Hannun dama ake bi, kamar Najeriya da Nijar. Inda ka ga shuɗin allo mai zagaye da hoton keke, wajibi ne ka bi hanyar keken, ba titin mota ba. A mararrabar da babu alama ko fitila, wanda ya fito daga damanka shi ke da hanya, ko da titinsa ƙarami ne, kuma wannan ita ce dokar da ta fi kama baƙi. Dole keke ya kasance da ƙararrawa, da fitila gaba da baya idan duhu ya yi. Hular kwano ba tilas ba ce ga mai keke na yau da kullum, amma mai hankali yana sawa. Ka riƙe tiyub da famfo, domin ba za ka tarar da mai faci a gindin bishiya ba.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Daga Afrilu zuwa Satumba. A Afrilu lambunan Haspengouw suke fure, mutane kuma sukan yi yawa. A Agusta filayen Hoge Kempen kan rine da furen shunayya. Ruwan sama ba shi da wata, yana iya sauka kowane lokaci, iska kuma galibi daga yamma take busowa, saboda haka gara ka fara da fuskantarta tun kana da ƙarfi, ta turo ka a dawowa. A farkon lokacin zafi akwai wata tsutsa mai gashi da ke taruwa a jikin wasu itatuwa, gashinta yana sa ƙaiƙayi mai tsanani, kada a taɓa ta. Wanda ya zauna cikin ciyawa ya duba jikinsa saboda kaska.

Musulmi zai samu abinci da wurin salla? Wane harshe ake yi?

Nan ma kwal ta bar gado. Mahaƙan sun ɗebo ma'aikata daga Italiya bayan yaƙin duniya na biyu, sannan daga Turkiyya da Maroko bayan yarjejeniyoyin 1964, jikokinsu kuma suna nan. A Genk da Beringen da Heusden-Zolder akwai masallatai da mahauta na halal. A shagunan shan shayi na ƙauye kuwa sai an tambaya, domin naman alade da barasa ba baƙi ba ne a can. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, a lissafa da lokutan salla.

Harshen yankin irin na Holan ne. Mutumin Maraɗi ko Damagaram da ya dogara da Faransanci don ya ji Beljiyam ce, zai tarar a Limburg Turancin Ingilishi ya fi saurin fitar da shi. Daga Brussels akwai jirgin ƙasa zuwa Hasselt da Genk, Bokrijk ma tana da tasharta, kuma idan da keke za ka shiga sai ka yanka masa nasa tikitin.