Ginin da Ba Shi da Izini: Haƙƙin Wanda Ya Sayi Gida

Ginin da ba shi da izini shi ne ƙari ko sauyin da aka yi wa gida ba tare da amincewar hukumar kula da gine-gine ba, kamar ƙarin ɗaki, mayar da gareji wurin kwana, ko sake jan wayar lantarki. Galibi mai saye ba ya ganewa sai bayan ciniki ya faɗa: ya je neman izinin wani gyara, a buɗe fayil, a tarar taswirar hukuma ɗaki uku ta nuna, gidan kuwa huɗu ne. A yawancin wurare mai gidan na yanzu hukuma take bi, ko da ba shi ya aza tubali ko ɗaya ba.

Tsohuwar ƙa'idar dokar Ingila ita ce mai saye ya buɗe idonsa. Ta yi sauƙi yanzu. A 1985, a shari'ar Johnson da Davis, kotun ƙolin jihar Florida a Amurka ta ce dole mai sayarwa ya bayyana ɓoyayyen aibin da ya sani, muddin yana taɓa darajar gida. A jihar Kalifoniya, ita ma a Amurka, takardar bayanin da doka ta wajabta wa mai sayarwa tana tambaya kai tsaye ko an yi ƙari ba izini. A Ingila mai sayarwa kan cike fom mai suna TA6, kuma amsar ƙarya na iya jawo ƙara bisa dokar 1967 kan bayanin da ba gaskiya ba.

Wanda aka ɓoye wa yana iya neman diyya, wato kuɗin gyara ko faɗuwar darajar gidan, ko ya nemi a warware cinikin, abin da kotu ba ta cika yarda da shi ba sai aibin ya yi girma. Inda gizo ke saƙa shi ne tabbatar da cewa mai sayarwar ya sani. Idan shi ya ɗauko magini, rasit, tsofaffin hotuna ko shaidar maƙwabci na iya isa. Idan a haka ya sayi gidan shi ma, magana ta yi wuya. Sharaɗin "an sayar yadda yake" ba ya yawan kare wanda ya yi yaudara da gangan. Dillalin da ya sani ya yi shiru ma yana iya shiga ƙarar. Akwai wa'adi: a Kalifoniya shekara 3 ne daga ranar da aka gano yaudarar.

Ɓangaren hukuma daban ne. Ana iya neman izini bayan aiki, amma sau da yawa sai an fasa bango mai duba gini ya ga ƙarfe da waya, abin da bai cika ƙa'ida ba kuma a rushe shi. A Ingila ana ba da takardar irin wannan izini ga aikin da aka yi daga 11 ga Nuwamba, 1985. A can lauyoyi kan ja kunnen mai gida kada ya yi garaje, domin da zarar ya tuntuɓi hukuma, kamfanin inshora ba zai ƙara sayar masa da kariya kan rashin izinin ba.