Waiwaye: Yadda gidan Ravenclaw ya zama gidan masu ƙwaƙwalwa

A ranar 26 ga Yunin 1997 kamfanin Bloomsbury da ke Landan ya fitar da littafin farko na Harry Potter, kwafi 500 kacal masu bango mai kauri. A cikinsa J.K. Rowling ta gabatar da Hogwarts, makarantar kwana ta koyon sihiri, da gidajenta huɗu: Gryffindor, Hufflepuff, Slytherin da Ravenclaw. Yau idan ka leƙa shafukan masoya labarin za ka iske mutane birjik suna bugun ƙirji cewa su 'yan Ravenclaw ne. Abin da suke nufi a fili yake: muna da kaifin basira, muna son karatu, ba ma bin yarima a sha kiɗa. Sai dai wanda ya bi littattafan bakwai ɗaya bayan ɗaya zai ga cewa wannan kyakkyawan suna bai zo wa gidan a rana ɗaya ba, kuma marubuciyar ba ta ba shi sunan ba tare da ta haɗa masa da tabo ba.

Tsarin raba ɗalibai gida-gida ba Rowling ta ƙirƙiro shi ba. Tsohuwar al'ada ce ta makarantun kwana na Ingila irin su Eton da Harrow, inda gida yake nufin ginin da yaro yake kwana a ƙarƙashin kulawar wani malami. Turawan mulkin mallaka sun zo mana da shi, shi ya sa duk wanda ya yi sakandaren kwana ta gwamnati a Najeriya ya san gidansa da launin rigarsa ranar gasar guje-guje da tsalle-tsalle. A makarantar da na yi, malami ne kawai ya bi rajista yana rabawa, na farko nan, na biyu can, babu ruwansa da halin kowa. Abin da Rowling ta ƙara shi ne hali. Ta sa wata tsohuwar hula mai magana, wadda ake ɗora wa yaro ɗan shekara 11 a ka, ta leƙa cikin zuciyarsa ta faɗi inda ya dace. Jarumai su tafi Gryffindor, masu amana da juriya Hufflepuff, masu buri da wayo Slytherin, masu basira da son ilimi kuma Ravenclaw. Ita da kanta ta ce a bayan jakar takardar da ake ajiye wa masu amai a jirgin sama ta fara rubuta sunayen gidajen.

A littafin farko, gidan Ravenclaw ɗan rakiya ne. Hular ta ambace shi a waƙarta a matsayin matattarar masu hikima da saurin fahimta, an kira wani Terry Boot ya zama na farko da aka tura can a wannan shekara, sai 'yan sunaye biyu ko uku, shi ke nan. A ƙarshen shekara ma, a gasar tara maki tsakanin gidajen, gidan ne na biyu da maki 426, bayan Slytherin mai 472. Sai shugaban makaranta Dumbledore ya tashi ya raba wa Harry da abokansa maki 170 a zama ɗaya, Gryffindor ta yi tsalle daga 312 zuwa 482, Ravenclaw ta koma ta uku. Babu wanda ya tausaya musu, su ma ba su damu ba, tafi suka shiga yi don an kayar da Slytherin.

Babbar matsalar gidan tun daga nan ita ce Hermione Granger. Yarinyar da ta fi kowa karatu a makarantar, wadda ta haddace littattafan aji tun kafin a buɗe zango, Gryffindor aka tura ta. To ina amfanin gidan masu ƙwaƙwalwa idan mai ƙwaƙwalwar tana wani gida? Masu karatu sun daɗe suna wannan tambaya, kuma da alama ta isa kunnen marubuciyar, don a littafi na biyar ta sa Terry Boot ɗin nan ya yi wa Hermione ita ƙeƙe-da-ƙeƙe, bayan ya ga ta iya wani sihiri da sai manyan ɗalibai ke iyawa. Ta amsa masa cewa hular ta yi nazari sosai a kan tura ta Ravenclaw kafin ta canza shawara. Wannan amsa ta sauya ma'anar rabon gaba ɗaya. Ashe hular ba ƙwaƙwalwa take aunawa ba, abin da yaro ya fi ɗauka da daraja take dubawa. Hermione da bakinta ta faɗa wa Harry a ƙarshen littafin farko cewa akwai abubuwan da suka fi littattafai da wayo muhimmanci, ta ambaci abota da jarunta.

Littattafai na biyu zuwa na huɗu, daga 1998 zuwa 2000, ba su ƙara wa gidan wani nauyi ba. Penelope Clearwater ta fito ne don a daskarar da ita kuma a gano budurwar Percy ce, yayan Ron abokin Harry. Cho Chang ta fito ne don zuciyar Harry ta buga. Padma Patil ta raka Ron bikin rawa ya yi watsi da ita. 'Yan mata uku, kuma duk ta fuskar samarin Gryffindor muka san su. Abu ɗaya da aka nuna na halin gidan a dunƙule shi ne a littafi na huɗu, lokacin da sunan Harry ya fito a gasar makarantu uku ba tare da ya saka ba: yawancin 'yan Ravenclaw suka yanke hukunci cewa neman suna ne, suka juya masa baya. Masu basirar sun yi lissafi, lissafin kuma ya fita ba daidai ba.

Sai shekarar 2003 gidan ya sami fuska, kuma ba fuskar da ake zato ba. Luna Lovegood ta bayyana a cikin jirgin ƙasa tana karanta mujallar babanta a kife, ta maƙale sandar sihirinta a bayan kunne, a wuyanta sarƙa ce ta murafan kwalba. Ta yarda da halittun da babu wanda ya taɓa gani, tana faɗin gaskiyar da ke sa mutane sunkuyar da kai, kuma dariyar da ake mata ko a jikinta. Ita da Hermione kamar ruwa da wuta suke: ɗaya ba ta yarda da komai sai da hujja a rubuce, ɗaya kuma ba ta ƙaryata komai don kawai babu hujja. Rowling ta sa ta biyun a gidan basira, kuma a ganina wannan ce shawara mafi kyau da ta yanke game da gidan. Ta raba basira da cin jarrabawa.

Amma a lura da yadda gidan ya riƙe Luna. 'Yan makarantar sun laƙaba mata sunan mahaukaciya, ana kwashe mata kaya ana ɓoyewa. A daren ƙarshe na zango, kowa yana wajen walima, Harry ya iske ta ita kaɗai tana manna takarda a allon sanarwa tana roƙon a dawo mata da tufafinta da littattafanta, tana cewa ai kullum a ƙarshe sukan dawo. Kayan da ke cikin ɗakin kwanan Ravenclaw ba baƙo ne zai iya kaiwa gare su cikin sauƙi ba. A wannan littafin dai, wadda ta tona asirin ƙungiyar ɗalibai ta ɓoye ga muguwar malama Umbridge 'yar gidan ce, Marietta Edgecombe, wadda mahaifiyarta ke aiki a ma'aikatar sihiri. Tsoron kada aikin uwarta ya taɓu ya sa ta auna riba da asara, ta sayar da abokanta.

Littafi na bakwai, na 2007, shi ne ya buɗe mana ƙofar gidan, kuma ƙofar ce ta fi komai bayyana shi. Gryffindor da Slytherin da kalmar sirri ake shiga, wanda ya riƙe ta a ka ya wuce. Ƙofar Ravenclaw, can saman hasumiya, ba ta da mariƙi ba ta da kafar mabuɗi, sai wani ƙarfen ƙwanƙwasawa na tagulla mai siffar gaggafa. Idan ka ƙwanƙwasa, gaggafar ta buɗe baki ta yi maka kacici-kacici. Ta tambayi Luna da Harry wanne ya riga wani, wuta ko tsuntsun nan na almara da ke ƙonewa ya sake tashi daga tokarsa. Luna ta ce da'ira ba ta da mafari, ƙofa ta buɗe. Harry ya tambaye ta, to idan mutum ya kasa fa? Ta ce sai ya tsaya ya jira wanda zai iya, ta haka yake koyo. Jim kaɗan wani mugun malami daga mabiyan Voldemort, babban mugun labarin, ya zo yana dukan ƙofar yana zage-zage, ba ta ko motsa ba, sai da malama McGonagall ta zo ta amsa tambayar. Ita kuma McGonagall shugabar gidan Gryffindor ce. Wato ƙofar ba ta tambayar ɗan gidan wa kake.

A wannan littafin kuma aka ba da tarihin wadda ta kafa gidan, Rowena Ravenclaw, shekaru kusan dubu da suka wuce. Tana da wani kambi da aka ce yana ƙara wa mai sanye da shi hikima, an rubuta a jikinsa cewa basira marar iyaka ita ce babbar dukiyar ɗan Adam. 'Yarta Helena ta sace shi don ta fi uwarta ilimi da daraja, ta gudu dajin Albaniya ta ɓoye shi a kogon bishiya. Uwar ta rufe zancen, ko abokan da suka kafa makarantar tare ba ta faɗa musu ba. Da ciwon ajali ya kama ta, ta aiki wani mai son Helena ya nemo ta. Helena ta ƙi biyo shi, ya soke ta, ya kashe kansa. Su biyun suka zama fatalwowin makarantar. Bayan ƙarnuka wani ɗalibi mai daɗin baki, Tom Riddle, wanda daga baya ya zama Voldemort, ya lallaɓa fatalwar Helena ta faɗa masa inda kambin yake, ya je ya ɗauko ya ɓoye wani yanki na kurwarsa a ciki. Alamar hikimar gidan, ta hanyar hassada da girman kai da son yabo, ta zama ma'ajiyar ran Voldemort. Da aka zo yaƙin ƙarshe aka ce wanda ya isa shekaru ya zaɓi tsayawa ko tafiya, wasu manyan 'yan Ravenclaw sun tsaya, amma na Hufflepuff da suka tsaya sun fi su yawa.

Finafinan da aka yi daga 2001 zuwa 2011 sun rage wa gidan ɗan kaɗan ɗin da yake da shi. An mayar da Padma Gryffindor wajen 'yar tagwayenta. An cire Marietta, aka ɗora tonon asirin a kan Cho. Ƙofar mai kacici-kacici ba a nuna ta ba sam. Hatta launin gidan, shuɗi da ruwan tagulla a littafi, ya koma shuɗi da ruwan azurfa, kuma a tambari da kayan sayarwa da yawa gaggafa, alamar gidan, ta koma hankaka, don kalmar farko a sunan gidan hankaka take nufi da Turanci.

Juyin da ya kawo mu inda muke yau ya faro ne da shafin Pottermore, wanda Rowling ta sanar a 2011 aka buɗe wa kowa a Afrilun 2012. A nan aka sa tambayoyin da mutum zai amsa a faɗa masa gidansa. Hular ta fita daga littafi ta hau kan miliyoyin mutane. A wannan zamani ne marubuciyar ta riƙa cike gurbin manyan da suka fito daga gidan, kuma jerin ba na alfahari zalla ba ne. Akwai Ollivander mai ƙera sandunan sihiri, gwani a sana'arsa. Akwai Trelawney malamar duba, wadda yawancin hasashenta shaci-faɗi ne. Akwai Quirrell, wanda ya tafi neman Voldemort don a daina raina shi, ya dawo ɗauke da fuskar Voldemort a ƙeya a ƙarƙashin rawani. Akwai Lockhart, wanda yake jin labarin bajintar wasu, ya shafe musu tunani, ya rubuta littafi da sunansa. An kuma bayyana cewa hular ta yi minti biyar da rabi a kan McGonagall tana kai-kawo tsakanin Ravenclaw da Gryffindor, ta kuma yi irin wannan jinkiri a kan Flitwick, shugaban gidan Ravenclaw, sai dai shi ta yanke akasin haka.

Har masana halayyar ɗan Adam sun shiga zancen. A 2015 wata mujallar bincike ta wallafa nazarin Laura Crysel da abokan aikinta, inda suka gwada masoyan da shafin ya raba, suka ga waɗanda aka tura Ravenclaw sun fi nuna son aikin da ke buƙatar tunani. Ni dai ina ɗaukar wannan da taka-tsantsan. Wanda ya karanta littattafan ya san amsar da ke kaiwa kowane gida, kuma wanda aka riga aka ce masa kai mai basira ne, da wuya a sake tambayarsa ya ce ba ya son tunani.

A 2017, da littafin farko ya cika shekara 20, Bloomsbury ta sake buga shi da bango iri huɗu, kowane gida da nasa, mai saye ya ɗauki wanda yake ganin shi ne shi.